Yadda ake cire danƙon sitika daga jikin Keke Napep ba tare da lalata fenti ba

Tun bayan haramta hawa babura a Maiduguri a shekarar 2011, Keke Napep ya zama babban abin sufurin birnin, jikinsa kuwa ba ya rabuwa da sitikun siyasa da na talla. Zafin rana kan ƙafar da danƙonsu. Kankarewa da reza kuma na ɗaye tsohon fenti, tsatsa ta samu ƙofa, darajar keken ta faɗi.

Hanya mafi aminci ita ce a ɗumama sitikar da tsumma mai ruwan zafi, a ɓare ta sannu a hankali da katin roba. Ragowar danƙon a jiƙa shi da kananzir ko man gyaɗa, a goge, a wanke da sabulu. Ana fara gwaji ne a ɓoyayyen gefe. A guji tinar masu fenti, domin takan narkar da fentin kansa.