James Whistler: Mai Zanen da Ya Ci Shari'a Ya Rasa Gidansa

Idan mutum ya yi aikin kwana biyu, ya dace ya nemi fam ɗari biyu da goma a kansa? Wannan ita ce tambayar da aka kai gaban kotu a birnin Landan cikin watan Nuwamba na 1878, zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Wanda aka yi wa tambayar shi ne James McNeill Whistler, gwanin zane da fenti, kuma gwanin zane a kan jan ƙarfe. Kafin mu ji amsarsa, bari mu ga inda ya fito.

An haifi Whistler a garin Lowell na ƙasar Amurka a 1834. Mahaifinsa injiniya ne na hanyar jirgin ƙasa. Sarkin Rasha ya ɗauke shi aikin shimfiɗa layin dogo daga St. Petersburg zuwa Mosko, don haka yaron ya yi ƙuruciyarsa a Rasha, a can kuma ya fara koyon zane. Uban ya rasu a 1849, iyalin suka koma gida. A 1851 Whistler ya shiga makarantar hafsoshin soja ta West Point. A ajin zane ba mai kama ƙafarsa, amma ya faɗi jarrabawar kimiyyar haɗa sinadarai, ga kuma yawan karya doka. Aka sallame shi a 1854.

Daga nan ya sami ɗan aiki a ofishin gwamnati mai zana taswirar gaɓar teku a Washington. Watanni kaɗan ya yi, amma a nan ya koyi sana'ar da ta cece shi daga baya, wato zane a kan jan ƙarfe.

Ga yadda ake yin wannan aiki. Mai zane zai sami faifan jan ƙarfe mai santsi, ya shafe shi da wani irin kaki. Sai ya ɗauki allura ya yi zanensa a kan kakin. Duk inda allurar ta bi, ƙarfen zai fito fili. Daga nan a tsoma faifan cikin ruwan asid. Asid ɗin ba ya cin kaki, sai dai ya ci ƙarfen a wuraren da allura ta buɗe, ya bar ƙananan kwari. Bayan an goge kakin, sai a shafa tawada ta shiga cikin kwarin, a share ta sama, a ɗora takarda mai ɗanshi, a matse da inji. Hoton zai fito a takardar, amma a juye, dama ta koma hagu kamar a madubi. Da faifai ɗaya ana iya buga hotuna da yawa, shi ya sa wanda ba shi da kuɗin sayen babban zanen fenti yakan iya sayen irin wannan.

A 1855 Whistler ya tafi Paris karatun zane, bai kuma sake zama a Amurka ba. A 1859 ya koma Landan. Maimakon ya zana fadoji da manyan mutane, sai ya riƙa zuwa bakin Kogin Thames yana zana jiragen ruwa, da ɗakunan ajiyar kaya, da 'yan dako. Waɗannan hotuna ne suka fara fito da sunansa. A 1871 ya zana mahaifiyarsa zaune a kujera cikin baƙaƙen tufafi, hoton da ya fi kowane nasa suna.

Ra'ayinsa shi ne, ba dole hoto ya ba da labari ba. Yadda kiɗa ke daɗaɗa wa kunne, haka launuka za su daɗaɗa wa ido in an tsara su daidai. A kan wannan ra'ayi ya zana wasan wuta da dare a wani lambun shaƙatawa na Landan: duhu, hayaƙi, da tartsatsi masu ruwan zinariya suna zubowa. A 1877 aka baje hoton, ya sa masa kuɗi gini 200. Gini ɗaya fam ɗaya ne da sule ɗaya, ke nan fam 210.

John Ruskin, wanda a lokacin maganarsa a kan zane ta fi ta kowa nauyi a Ingila, ya rubuta cewa wannan watsa fenti ne kawai da rainin hankalin jama'a. Whistler ya kai ƙara, ya nemi diyyar fam 1,000. A kotu lauya ya tambaye shi kwana nawa ya yi yana zanen. Ya ce biyu. Aka ce, a kan aikin kwana biyu kake neman wannan kuɗi? Ya amsa cewa ba kuɗin kwana biyu yake nema ba, kuɗin ilimin da ya tara tsawon rayuwarsa ne.

Kotu ta ba shi gaskiya, amma diyyar da aka yanka masa ita ce kuɗi mafi ƙanƙanta a ƙasar, kashi ɗaya cikin huɗu na kobon Ingila. Kuma shi zai biya nasa kuɗin shari'a. Da ma bashi ya yi masa katutu saboda sabon gidan da ya gina a unguwar Chelsea. A 1879 ya karye, aka sayar da gidan da kayansa.

Yana ɗan shekara 45, ba gida ba kuɗi, sai ya koma ga allura da jan ƙarfe. Wani kamfanin sayar da hotuna na Landan ya tura shi birnin Venice na Italiya ya yi hotuna 12 cikin wata uku. Ya yi wata 14, ya dawo da kimanin faifai 50. Ya bar manyan gine-ginen da kowa ya saba zanawa, ya fi mai da hankali ga lunguna, da ƙofofin gidaje, da talakawa a bakin aikinsu. Sannu a hankali sunansa ya farfaɗo. A 1891 gwamnatin Faransa ta sayi hoton mahaifiyarsa, yanzu yana gidan tarihi na Orsay a Paris. Hoton wasan wutar kuwa yana birnin Detroit na Amurka. Whistler ya rasu a Landan a 1903.

Ba za mu ce mu yi koyi da shi a komai ba. Yana da kaifin harshe, ya ɓata da abokai da dama, kuma girman kai rawanin tsiya ne. Amma amsar da ya bayar a kotu abin tunawa ce ga kowane ɗalibi. Abin da gwani ya gama cikin kwana biyu, shekaru ya yi yana koyonsa. Kada mu raina ƙaramin darasi ko aikin hannu, gama abin da Whistler ya koya a ofishin taswira shi ne ya tashe shi ranar da komai ya ƙare.