Lissafin da ke hango ambaliya da annoba

A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya cinye unguwannin bakin ruwa. Ruwan bai zo ba zato ba. Jan ruwan damana yana gangarowa ne daga rafukan Sirba, Dargol da Gorouol, kuma akwai masu ƙiyasta yaushe zai iso birni da yadda zai hau. Aikin nan shi ne malaman jami'a ke kira modélisation da Faransanci, wato mayar da abin da ke faruwa a zahiri zuwa lissafi.

Ɗalibin da ya shiga sashen lissafi a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi ba zai fara da kogi ba. Shekarun farko na aljabara ne da lissafin sauyi da na yiwuwa, kuma a nan da yawa ke karaya, don ba su ga amfaninsu ba tukuna. Amfanin na bayyana ranar da aka ce ka raba jama'ar gari kashi uku: waɗanda cuta za ta iya kamawa, waɗanda ta kama, da waɗanda suka warke. Tsarin Kermack da McKendrick ke nan na 1927. Kafin su, Ronald Ross ya nuna ba sai an kashe kowane sauro ba kafin zazzaɓin cizon sauro ya ja baya. A rage yawansa ƙasa da wani mizani ya isa.

Wahalar ba ta tsaya ga alli da allo ba. Dole ɗalibi ya iya rubuta Python ko R, ya mallaki kwamfuta, ya jure ɗaukewar wuta. Kuma duk kyawun tsari, idan alƙaluman ruwan sama ko na asibiti sun gurgunce, sakamakon ma gurgu ne.

Wuraren aiki kuwa suna nan cikin Yamai. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, tana amfani da irin wannan lissafi wajen ƙiyasta amfanin hatsi tun kafin kaka, ga ACMAD da hukumar kogin Isa, ABN. Mai digirin farko da ke son zurfafawa na iya neman gurbi a cibiyoyin AIMS na Senegal, Ghana, Kamaru ko Ruwanda, inda ake ɗaukar nauyin waɗanda aka zaɓa.