Ɗarika: Inuwa Ce Ko Katanga?

Ran Lahadi da safe a Tudun Wada, Zariya, masu bi sukan fito daga gidan haya guda, amma da an kai bakin titi sai a rarrabu. Wannan ya nufi ECWA, wancan Angilikan, wani Katolika, wani Baftis. 'Ya'yanmu sukan tambaya ko me ya sa, ya kuwa kamata mu iya ba su amsa.

Asalin abin daga 'yan mishan ne. SIM ta iso a 1893, SUM a 1904. Likita Miller na CMS ya zauna a birnin Zariya a 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa a 1929. Don kada su yi ta karo da juna, sai wasu mishan suka raba ƙasa, kowa da yankinsa. Da iyayenmu suka zo Zariya neman aiki a reluwe da soja da makarantu, kowa ya zo da ɗarikar garinsu.

Amfanin ɗarika a fili yake. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikkilisiya guda ba za ta iya riƙe asibiti irin na St. Luke a Wusasa ba, ko ta horar da fastoci. Ɗarika ce take binciken koyarwar fasto da kuɗin baiko. Inda kuwa babu mai tsawata wa shugaba, tumaki ne suke shan wuya. Ɗariku kuma sun iya haɗa kai: Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 aikin mishan dabam dabam ne, haka ma makarantar tauhidi ta Bukuru da aka buɗe a 1959.

Hatsarin yana nan kusa da amfanin. Tun da yake an raba ƙasa yanki yanki, ɗarika ta kusa zama sunan kabila. Sai ka ga iyaye sun hana aure tsakanin masu bi biyu na kirki, dalili kawai majami'arsu ba ɗaya ba ce. Wanda dattawa suka sa a horo yakan tsallaka titi, a karɓe shi ba tambaya. Wanda ya rasa muƙami kuwa sai ya kafa tasa. Manzo Bulus ya tsauta wa Korantiyawa a kan irin wannan rarrabuwa.

Mu tuna da watan Maris na 1987. Da rikicin Kafanchan ya iso Zariya, wutar da ta ci majami'u ba ta tambayi ɗarikarsu ba.

Saboda haka, iyaye, mu koya wa yara tarihin ɗarikarmu, mu riƙe ta da aminci. Amma kada su ji muna zagin ta maƙwabci. In saurayi ya zo neman 'yarmu, mu fara bincika bangaskiyarsa da halinsa kafin sunan majami'arsa. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.