Amai da Gudawa: Dalilin da Ya Sa Wasu Magunguna Suka Daina Aiki

A Bahuli, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, kamar sauran garuruwan Arewa, damina kan zo da ƙaruwar masu fama da ciwon ciki, amai da gudawa. Mazauna yankin ba su manta da watan Mayun 2018 ba, lokacin da kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ta kwantar da ɗaruruwan mutane, har aka buɗe cibiyar jinya ta musamman a Babban Asibitin Mubi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gudawa da cewa yin bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye a yini guda. Ƙwayoyin cutar da ke haddasa ta iri-iri ne. Akwai bairos, irin su Rotavirus da ke addabar ƙananan yara, wanda Najeriya ta sanya rigakafinsa cikin jerin rigakafin yara a 2022. Akwai kuma bakteriya: E. coli da Salmonella da Campylobacter, waɗanda ke shiga ciki ta gurɓataccen ruwa, ɗanyen nono, ko naman da bai dahu ba. Shigella mai kawo atini, wato gudawa da jini. Da Vibrio cholerae mai jawo kwalara. Hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gida zuwa baki, ta hannu, ta ƙuda, ko ta rijiyar da ambaliya ta shiga.

Matsalar da ke damun likitoci a yau ita ce bijirewar waɗannan ƙwayoyin ga magani. Idan mutum ya sha maganin kashe bakteriya, raunana daga cikinsu ne ke fara mutuwa. Waɗanda suka jure sai su hayayyafa, su kuma miƙa wa wasu ƙwayoyin dabarar jurewar. Duk lokacin da aka sha maganin ba bisa buƙata ba, ko aka sha abin da bai kai ƙima ba, ko jabu, an ba masu taurin kai fili ke nan. Haka abin yake idan ana ɗura wa kaji da shanu irin waɗannan magunguna barkatai, kuma Mubi gari ne na babbar kasuwar shanu.

Shi ya sa al'adar zuwa kemis a sayi kafso biyu ko uku na tetracycline, ko Septrin, ko Flagyl da zarar ciki ya murɗa, take da haɗari. Maganin bakteriya ba ya taɓa bairos ko kaɗan, kuma yawancin gudawa kan tsaya da kanta cikin 'yan kwanaki. A ƙasashe da dama, ampicillin da Septrin sun daina tasiri a kan Shigella, abin da ya sa aka koma ga ciprofloxacin, wanda shi ma an fara samun masu bijire masa.

Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a 2019, kuma yammacin Afirka ne abin ya fi ƙamari. Najeriya, ta hannun hukumar daƙile cututtuka ta NCDC, ta fitar da shirin ƙasa na farko kan matsalar a 2017, sannan na biyu a 2024.

Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Saboda haka matakin farko shi ne ruwan gishiri da sukari: a zuba ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu ƙunshin, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba tare da tozo ba. A ba yaro ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayarwa da ciyarwa.

Idan aka ga jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, faɗawar idanu, kasa shan ruwa, ko zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, a garzaya asibiti nan take. A can ne ma'aikacin lafiya zai yanke ko akwai buƙatar maganin bakteriya, kuma gwajin bayan gida zai nuna wace ƙwaya ce da kuma maganin da ke cin ta. Wanda aka rubuta wa magani ya sha shi daidai yadda aka umarta, kada ya raba da wani, kada kuma ya ajiye saura don gaba.

Rigakafi ya fi magani. Tafasa ruwan sha, wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi da kafin cin abinci, rufe abinci, da haƙa masai nesa da rijiya, su ne ke rage masu kwanciya a asibiti, su kuma bar mana magungunan da suka rage suna aiki ranar da za a buƙace su da gaske.