Shafukan Intanet Na Ƙananan Hukumomi: Ina Kasafin Kuɗin Yake?

IKKO — A ran 11 ga watan Yuli na 2024 ne Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, ba tare da kuɗin sun bi ta hannun gwamnatocin jihohi ba. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta samun tsaiko, amma ya ta da wata muhimmiyar tambaya: ta wace hanya ce mai biyan haraji zai san abin da ya shigo wa ƙaramar hukumarsa, da kuma inda aka kashe shi?

Kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. Bisa tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi na samun kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin Asusun Tarayya, da kuma kashi 35 cikin ɗari na harajin sayen kayayyaki, wato VAT. Tun daga 2004, zamanin da Dokta Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace ƙaramar hukuma a jaridu wata-wata. Ke nan an daɗe da sanin abin da ke fita daga Abuja. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke faruwa bayan kuɗin sun isa sakatariya.

Hanya mafi arha ta bayyana wannan ita ce shafin intanet. To amma ƙananan hukumomi da dama ba su da shi sam, waɗanda kuwa suka buɗe, abin da mai ziyara ya fi tararwa shi ne hoton ciyaman, da tarihin garin, da labarin bikin buɗe wani aiki. Da wuya ya tarar da kasafin kuɗin bana, ko rahoton mai binciken kuɗi, ko lambar wayar da za a kira a amsa. Sau da yawa kuma shafin kan mutu da zarar wa'adin ciyaman ɗin da ya buɗe shi ya ƙare.

Wannan rashi yana da tsada ga harkokin ciniki. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, tare da karɓar harajin gidaje. Falken da ya sauke tumatir a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko mai shago a unguwar Sabo ta Badun, yana da haƙƙin sanin ainihin kuɗin da doka ta ɗora masa. Idan babu inda aka rubuta farashin a fili, duk wanda ya zo da rasit sai a biya shi. Kuɗin na ƙarewa a kan mai saye, hukumar kuma ba ta ga ko rabinsu ba a baitulmalinta in an yi rashin sa'a.

Haka abin yake a fannin ilmi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, bisa sharaɗin jiha ta zuba daidai abin da za ta karɓa. Hukumomin SUBEB na jihohi da ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi su ke riƙe da wannan aiki. Da a ce suna buga jerin makarantu, da yawan malamai, da sunan ɗan kwangilar da aka bai wa ginin kowane aji da kuɗinsa, da iyayen yara sun iya gwada takarda da abin da ke ƙasa.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su riƙa bayyana irin waɗannan bayanai da kansu, ba sai an nema ba, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Har ila yau, hukumar NITDA na yi wa ma'aikatun gwamnati rajistar adireshi mai ƙarewa da gov.ng, wanda ke bambanta shafin gaskiya da na 'yan damfara.

Akwai kuma darasi daga jihohi. A ƙarƙashin shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2018 da Dala miliyan 750, an riƙa bai wa jiha tallafi idan ta buga kasafin kuɗinta da rahoton binciken asusunta a intanet cikin lokaci. Cikin 'yan shekaru jihohin suka rungumi abin, domin akwai riba a ciki.

Babu abin da zai hana a yi wa ƙananan hukumomi irin wannan sharaɗi. Abubuwa huɗu sun isa a fara da su: kasafin kuɗin shekara, da kason da aka karɓa kowane wata, da jadawalin haraji, da jerin kwangiloli, a kuma rubuta su da Turanci da harshen mutanen yankin, yadda za su buɗu a ƙaramar wayar hannu. Ciyaman ɗin da ke neman 'yancin riƙe kuɗi, wajibi ne ya yarda jama'a su leƙa littafin.