Ƙuruciyar Golda Meir, 'Yar Kafinta

Dattawan Birnin Kudu da Gwaram waɗanda suka yi wayo a zamanin Jamhuriya ta Farko ba su manta da yadda Sardauna Ahmadu Bello ya ƙi yarda Jihar Arewa ta karɓi taimakon Isra'ila a 1960 ba, alhali kuwa Gabas da Yamma sun yi na'am da shi. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san asalin matar da ke riƙe da harkokin wajen Isra'ila a wancan lokaci, wato Golda Meir, wadda daga bisani ta zama firayim minista daga 1969 zuwa 1974.

An haife ta a birnin Kiyef a 1898, ƙarƙashin daular Rasha, a gidan wani kafinta Bayahude mai suna Moshe Mabovitch, wanda talauci ya yi wa katutu har 'ya'yansa biyar suka rasu tun suna ƙanana. Abin da ta ce ta fara riƙewa a duniya shi ne ranar da ta ga mahaifinta yana kafa katakai a ƙofar gida da ƙusa, domin an yi raɗe-raɗin za a auka wa unguwar Yahudawa. Kuma lalle tsoron ba na banza ba ne, tunda a 1903 an yi musu kisan gilla a garin Kishinef. A shekarar ce uban ya yi hijira zuwa Amurka neman abinci, iyalinsa kuwa ba su riske shi a birnin Milwoki ba sai 1906.

A can uwar ta buɗe ɗan kanti, kuma duk safiyar da ta tafi kasuwa sarin kaya Golda ce ke tsaron kantin, sai ta isa makaranta a makare tana kuka, al'amarin da duk yarinyar da ta taɓa ɗaukar farantin talla kafin ta shiga aji za ta fahimta ba tare da sharhi ba. Duk da haka, tana da kimanin shekara goma sha ɗaya, da ta lura cewa waɗansu 'yan ajinsu ba su da halin sayen littattafai, sai ta tara ƙawayenta suka kafa ƙungiya, suka kama zauren taro, ta miƙe gaban manya ta yi jawabi, aka tara kuɗin. A ganina nan ne siyasarta ta tsiro, domin wannan baiwa ta buɗe bakin jakar mutane da lafazi ita ce ta yi amfani da ita a 1948, sa'ad da ta tara wajen dala miliyan 50 a Amurka, aka sayi makamai da su.

Da ta kai shekara goma sha huɗu, iyayenta suka ga karatu ya isa haka, suka fara zancen aurar da ita ga wani wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Ita kuwa burinta malanta, saboda haka ta sulale da dare, ta hau jirgin ƙasa zuwa birnin Denba wurin yayarta Sheyna. Gidan yayar ya kasance majalisar baƙin haure, da yawansu masu jinyar tarin fuka, waɗanda kan raba dare suna shan shayi suna mujadala a kan gurguzu, da haƙƙin ma'aikata, da 'yancin mata, da aƙidar Sahayoniyanci mai kiran Yahudawa su kafa ƙasa a Falasɗinu. A wannan majalisa ta haɗu da Morris Meyerson, mai rubuta allunan kantuna. Bayan ta koma Milwoki ta shiga ƙungiyar Sahayoniyanci ta Poale Zion, ta riƙa hawa akwati a bakin titi tana huɗuba, har wata rana uban ya yi rantsuwa zai jawo ta gida da kitsonta, amma da ya je ya saurara, magana ta ɗauke masa hankali, ya komo bai taɓa ta ba. Ta auri Morris a Disamba 1917, bisa sharaɗin za su ƙaura zuwa Falasɗinu, suka kuwa tafi a 1921.

Sun sauka a gonar tarayya ta Merhabiya, inda ta yi kiwon kaji da aikin madafa. Sai dai ya wajaba mai karatu ya sani cewa wannan fili na ƙauyen Fula ne, wanda aka saya a 1910 daga hannun attajiran gidan Sursuk na Bairut, aka tashi manoman Larabawa da ke nomansa. Abin mamaki, bal ma abin takaici, shi ne yarinyar da ta san ɗacin a ƙuntata wa mutum a mahaifarsa ta girma ba ta ga waɗannan manoma ba, har ta kai ga musanta, a hira da wata jaridar Ingila a 1969, cewa akwai wata al'umma da ake kira Falasɗinawa.

Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Morris, suka bar gonar suka koma birnin Ƙudus, inda ta haifi 'ya'ya biyu cikin ƙunci, tana wankin kayan makarantar yara a madadin kuɗin karatun ɗanta, har zuwa 1928 da aka ba ta sakatariyar majalisar mata ma'aikata ta ƙungiyar ƙwadago ta Histadrut, ta kwashi yaran ta koma Tel Abib, mijin ya zauna a Ƙudus.