Yadda Tsofaffin Fastocin Tallan Abin Sha Suka Zama Adon Ɗaki

A birnin Paris na Faransa fastar talla ta samu daraja a matsayin aikin fasaha. Dokar 'yancin ɗab'i ta 1881 ta sassauta liƙa takardu a bango, mai zane Jules Chéret kuma ya inganta bugu mai launuka da allon dutse, kowane launi da dutsensa. Nan da nan kamfanonin abin sha suka shiga neman masu zane.

Leonetto Cappiello, ɗan Italiya, shi ya sauya salon: hoto ɗaya mai ɗaukar ido a kan baƙin fili, yadda mai wucewa zai gane shi da kallo ɗaya, kamar fastar Maurin Quina ta 1906. Bernard Villemot kuwa ya mayar da ɓawon lemo laima a tallan Orangina, abin sha marar giya, na 1953, kuma a ganina wannan fastar ta fi dacewa da falo, musamman ga wanda ba ya son tallan giya a gidansa.

A takarda mai araha aka buga waɗannan fastoci don liƙawa a titi, shi ya sa na asali suka yi ƙaranci, suke tsada a gwanjo. Yawancin na kasuwa sabon bugu ne. Mai saye ya tambaya kafin ya biya, ya kuma rataye fastar nesa da hasken rana, domin launinta yana kodewa.